Shin fansho zai riƙe mutumin Katsina idan ya koma zama a bakin teku?

Malam_Ƙofar_Sauri:
Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa maza da mata. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. In Allah ya kai mu ƙarshen shekarar nan zan cika shekara 35 a aikin gwamnatin tarayya, in ajiye aiki. Ina fama da ciwon asma tun ina saurayi, kuma a 'yan shekarun nan da zarar hunturu ya kama, daga ƙarshen Nuwamba har cikin Fabrairu, ba na iya fita masallaci sallar asuba, dare kuwa rabinsa a zaune nake yin sa, na jingina da bango, abin shaƙa yana hannuna. Bara sau biyu aka kwantar da ni a asibiti.

Shekara uku da suka wuce an tura ni wani kwas na mako shida a Badagri da ke jihar Legas, cikin watan Janairu. A lokacin da iyalina ke gaya mini ta waya cewa hazo ya rufe Katsina har mutum ba ya hango hasumiyar Gobarau daga nesa, ni a can barci nake yi har kiran sallah, ban yi tari ko sau ɗaya ba. Tun daga ranar da na dawo tunanin wurin bai bar raina ba.

Bisa lissafin da aka yi mini, abin da zai riƙa shigo mini duk wata ba zai wuce naira 90,000 ba, sai kuma dunƙulallen kuɗin da ake ba mutum a farko. Ina da gidana mai ɗaki huɗu a cikin birni, da 'yar gona a hanyar Mani. 'Ya'yana manya sun kama gabansu, saura biyu da ke makaranta. Tambayata ita ce, wannan kuɗi zai iya riƙe ni da maiɗakina a Badagri ko wani ƙaramin gari na bakin teku? Kuma in har zan tafi, in sayar da gidan in sayi wani a can, ko in ba da shi haya? Wanda ya taɓa zama a irin waɗannan wurare ya taimaka mini da abin da idonsa ya gani.

Ɗan_Kusugu:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa a gama lafiya, Malam, ya kuma ƙara sauƙi. Kafin masu sani su iso, ina son in tambaya, a waɗancan makonni shida wa ya biya kuɗin masauki da abinci da mota? Idan ofis ne ya ɗauki nauyi, to zaman baƙo ka yi, kuma baƙo ba ya sanin tsadar gari.

Tsohon_Kwastan:
Malam, ranka ya daɗe, na yi shekara shida ina aiki a iyakar Seme, tsakanin Najeriya da Jamhuriyar Benin, kuma a Badagri na ajiye iyalina, saboda haka bari in faɗa maka abin da na sani. Tambayar da Ɗan_Kusugu ya yi tana kan hanya, amma akwai wadda ta fi ta, wato watan da ka je. Janairu shi ne lokacin da garin ya fi daɗin zama, ruwa ya ɗauke, iska tana kaɗawa, hunturun da ke isa can ɗan kaɗan ne, kwana kaɗan ya wuce. Garin da za ka zauna a cikinsa shi ne na watan Yuni da Yuli, lokacin da ake wuni a kwana ana ruwa.

Zan ba ka misali da abin da ya faru a ɗakina. Na ajiye takalmin fata da na yi sallah da shi a ƙarƙashin gado, bayan wata biyu na jawo shi na tarar ya yi fari fat da funfuna, har cikin tafinsa. Babbar riga ta shadda in an wanke takan kwana uku a igiya ba ta bushe ba, sai ta soma wari. Gishirin da ke cikin gwangwani narkewa yake yi. Babur ɗin da na kawo daga Funtuwa kafin shekara biyu tsatsa ta cinye bakin salansa da ƙusoshinsa, domin iskar wurin da gishiri take tafe, kuma haka take yi wa kwanon rufi da ƙofar ƙarfe. Rijiyar gidan da muka fara zama ruwanta zartsi ne, ba ya shawuwa, sabulu ma ba ya kumfa da kyau, sai muka koma sayen ruwan sha.

Batun haya kuma, a jihar Legas ba a san biyan wata-wata ba ga sabon ɗan haya. Kuɗin shekara guda za ka ajiye, ka biya la'adar dillali, ka biya kuɗin rubuta yarjejeniya, sau da yawa kuma a nemi wani kuɗin ajiya saboda ɓarnar da ba ka riga ka yi ba. Ka sani kuma shi garin a bakin wani babban ruwa yake wanda ya raba shi da teku, sai an shiga kwalekwale an tsallaka zuwa Gberefu sannan a taka a isa gaɓar tekun. Mutanen garin, Egun da Yarabawa, mun zauna da su lafiya, ban taɓa samun wanda ya tsangwame ni don ni Bahaushe ne ba. Amma da naira 90,000 ga mutum biyu, ga yara biyu a makaranta, ni dai ban ga yadda lissafin zai fita ba.

Inna_Nas:
Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi ritaya shekara huɗu ke nan, kuma na ga masu irin ciwonka da yawa. Ina roƙonka kada ka yanke hukunci a kan mako shida. Asma ba abu ɗaya ke tayar da ita ga kowa ba. Wani ƙura da busasshiyar iska mai sanyi ce ke tayar masa, kamar yadda ka bayyana, wani kuma funfuna da ƙananan ƙwarin da ke zama cikin katifa da matashin kai, waɗanda ido ba ya gani, su kuwa danshi suke so. Mutum ɗaya yana iya haɗa duka biyun bai sani ba, domin a Katsina ɗakinsa a bushe yake kusan wata takwas a shekara. Funfunar da Tsohon_Kwastan ya gani a takalminsa, ita ce za ka kwana kana shaƙa.

Sannan ga zazzaɓin cizon sauro. Mu nan yana da lokaci, yakan yi ƙarfi daga tsakiyar damina zuwa kaka, sannan ya lafa. A bakin teku sauro ba ya hutu duk shekara. Ka fara zuwa wurin likitan ƙirji ka gaya masa niyyarka, ka kuma tambaye shi ko maganin da kake sha na kariya ne ko na kwantar da tashin ciwo kawai, domin na sha ganin mutanen da shekara da shekaru abin shaƙa na gaggawa kaɗai suke riƙe da shi, ba a taɓa ɗora su a kan na kullum ba.

Mai_Albasa:
Ni fatauci nake yi tsakanin kasuwanninmu na nan da kasuwar Mile 12 a Legas, yau sama da shekara goma. Malam, duk abin da tukunyarka ta saba da shi daga wurinmu ake ɗaukarsa a kai can: gero, dawa, masara, wake, albasa, tumatir, tattasai, da shanu da awaki. Kowane buhu sai ya biya kuɗin mota na tafiyar da ta haura kilomita 1,000, ya biya 'yan dako, ya biya abin da ake karɓa a shingayen hanya, kuma tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin mota bai sake komawa inda yake ba. Tiyar geron da kake auna a nan, a can sai ka biya kuɗin tiya da rabi ko fiye. Abin da ke da sauƙi a can shi ne kifi, da garin rogo, da manja, da kwakwa, da ayabar suya. Idan kai da Hajiya za ku iya mayar da cikinku kan teba da miyar kifi, abinci ba zai kashe ku ba. Idan kuwa sai da tuwon dawa da miyar kuka da fura da rana, to sai dai a riƙa aiko muku daga gonarku ta hanyar Mani.

Bakatsine_A_Waje:
Me ya sa kowa ya tsaya a kan Badagri? Malam, in ka ƙara gaba kaɗan ka tsallaka Seme ka shiga Kwatano, ko ka wuce Lome. Akwai unguwar Zango a duka biyun, Hausa ake yi, masallatai ko'ina, wutar lantarki ta fi tamu tsayawa, kuma ɗan ƙasar ECOWAS ba ya bukatar biza.

Tsohon_Kwastan:
Ɗan'uwa Bakatsine_A_Waje, maganarka tana bukatar gyara a wuri biyu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mutum damar shiga ba biza ne na kwana 90, wanda zai zauna dindindin sai ya nemi takardar zama, kuma za a tambaye shi katin rigakafin cutar shawara a iyaka. Na biyu shi ne ya fi nauyi. Fanshon Malam da naira za a biya shi, a can kuwa da sefa zai ci abinci. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai na yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira kuwa kowa ya ga abin da ya same ta, kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya kama haya a Kwatano da fanshon naira a farkon Yunin 2023, cikin wata takwas kuɗinsa ya koma kashi ɗaya cikin uku alhali mai gida bai ƙara masa ko sisi ba. Kada kuma a manta an rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ina ganin mutanen da suka maƙale a wancan gefen da idona.

Jikan_Fatake:
Na yarda da Tsohon_Kwastan a kan canjin kuɗi, amma ina son in ƙara wani abu saboda batun danshi da Inna_Nas ta kawo. Ba duk bakin teku ne ruwa ya yi wa yawa ba. Kakana fataucin goro ya kai shi Gwanja, daga baya zuriyarsa suka gangara Akkara, har yau muna da dangi a Nima da Sabon Zango, kuma nakan je. Ruwan saman da Akkara ke samu a shekara bai kai milimita 1,000 ba, bai fi namu na Katsina da nisa ba, alhali Legas tana samun sama da 1,500, Kalaba kuwa tana kusantar 3,000. Gaɓar da ta taso daga Akkara zuwa Lome ta fi sauran bushewa. Iska dai tana da laima, amma ba kamar ta Kalaba ko Fatakwal ba. Sai dai haya a Akkara ta fi ƙarfin ɗan fansho, masu gida sukan nemi kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule. Wanda ke da dangin da za su ba shi ɗaki ne kawai zan ce ya gwada.

Hajiyar_Sabon_Layi:
Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta, an yi maganar tsatsa, an yi ta gero, an yi ta sefa, ban ga wanda ya tambayi abin da maiɗakin Malam ta ce ba. Malam, ka yi haƙuri da ni, a matsayin ƙanwarka nake magana. Aiki ya kai maigidana Fatakwal, na bi shi muka yi shekara tara. Shi yana fita da safe, yana da abokan aiki, yana da majalisa bayan la'asar. Ni ina cikin ɗaki biyu, maƙwabciyata ta dama ba ta jin Hausa, ta hagu ba ta jin Hausa, in na yi rashin lafiya babu mai leƙo ni sai ya dawo. Bikin ƙannena uku ban halarta ba saboda kuɗin mota. Ranar da mahaifiyata ta rasu aka bugo mini waya da hantsi, muka kama hanya a ranar, na iso Katsina washegari da dare, an riga an kai ta tun jiya da azahar. Na tarar da tabarmarta a naɗe a jingine a bayan ƙofa, da carbinta a rataye a ƙusa. Shekara goma sha biyu ke nan, har yau abin bai bar ni ba.

A lokacin ina da ƙuruciya, ina da yara ƙanana da ke ɗebe mini kewa. Matar da ta haura hamsin, wadda ta saba da Islamiyyarta da maƙwabtanta da jikokinta suna shigowa suna fita, a ɗauke ta a kai ta inda ba ta san kowa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Lafiyarka tana da haƙƙi, ban musa ba, amma a zauna da ita a ji ta bakinta, kuma a ba ta damar ta faɗi gaskiya, domin matanmu da yawa za su ce "duk yadda ka gani" alhali zuciyarsu ba ta so.

Malam_Ƙofar_Sauri:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ɗan_Kusugu, gaskiyarka, ofis ne ya biya komai, ko kuɗin ruwan sha ban sani ba. Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya sa Aljanna ce makomarta. Maganarki ta shige ni, domin kalmar da kika faɗa ita ce daidai abin da maiɗakina ta ce da na fara yi mata zancen. Na ɗauka amincewa ce. Zan koma mata. Inna_Nas, abin shaƙa na gaggawa ne kawai nake amfani da shi, sai allura idan abin ya tsananta.

Akanta_Dutsinma:
Malam, tun da a ƙarƙashin tsarin fansho na karo-karo kake, bari in taɓo ɓangaren kuɗin. Tsarin ya fara ne da dokar 2004, aka sake ta a 2014, inda ma'aikaci ke zuba kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10. Kai da ka fara aiki kafin 2004 kana da haƙƙin shekarun baya da gwamnati za ta zuba a asusunka, kuma akan ɗauki lokaci tsakanin ranar ajiye aiki da ranar da kuɗi zai fara shigowa. Saboda haka kada ka ƙulla wata haya ko ciniki sai ka ga kuɗi a hannu. Za a ba ka zaɓi biyu, ko kamfanin da ke kula da asusunka ya riƙa biyanka kaɗan-kaɗan daga abin da ka tara, ko ka sayi tsarin biya na har ƙarshen rayuwa daga kamfanin inshora. Ka nemi a rubuta maka lissafin kowanne kafin ka sa hannu, ka kuma sani duk yadda dunƙulallen kuɗin farko ya ƙaru, na wata-wata raguwa yake yi.

A kan gidan kuwa, ina roƙonka da girman Allah kada ka sayar. Kuɗin gida mai ɗaki huɗu a cikin birnin Katsina ba lallai ya saya maka rabinsa a jihar Legas ba, ga rikicin fili da masu cewa gadon kakanninsu ne, a sayar wa mutum uku fili ɗaya, abin da ya sa jihar ta yi doka a kansa a 2016. Ɗan fanshon da ba ya biyan haya ya riga ya ci rabin yaƙi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne, ka ga abin da za ka samu bai ɗara shi da yawa ba.

Baban_Ummi_Zango:
Ni ra'ayina ya saɓa da na mafi yawanku. Kowa yana lissafa abin da Malam zai rasa, babu mai lissafa abin da yake rasawa yanzu. Mutum yana kwana a zaune wata uku a kowace shekara, an kwantar da shi sau biyu a hunturu ɗaya, shekaru kuma ƙaruwa suke yi. Kuɗin gado da magani da allura su ma kuɗi ne. Ƙanin mahaifina ya bar Zangon Daura ya zauna a unguwar Bogobiri a Kalaba sama da shekara talatin, da ɗan teburin kayan masarufi ya riƙe gidansa, ya aurar da 'ya'yansa, kuma duk wanda ya sauka daga Arewa a gidansa yake fara cin abinci. Hausawa ba yau suka fara zama a Kurmi ba. Kusan kowane babban gari a can akwai Sarkin Hausawa, akwai masallacin Juma'a, akwai mahauta da masu shayi. Da ɗan gari akan ci gari, idan Malam ya sauka ta hannun mutanenmu, ɗakin da dillali zai tsuga masa kuɗi a kansa za a iya samar masa da rahusa.

Ɗan_Kusugu:
Baban_Ummi, kawunka da ƙarfinsa ya je, ya gina sana'a da jama'a cikin shekara talatin. Malam yana da shekara kusan sittin zai fara daga farko. Ina ganin ba ɗaya ba ne. Kuma akwai abin da muke ta kewayewa, wato idan ta Allah ta kasance a can fa? Ɗauko gawa daga Legas zuwa Katsina ba aikin mai ƙaramin ƙarfi ba ne.

Malamin_Zaure:
A kan wannan batu na ƙarshe, kada ya zama abin da zai tsayar da shi. Ƙarshen Suratu Luƙman ya gaya mana babu ran da ya san a wace ƙasa zai mutu. Abin da aka fi so shi ne a gaggauta yi wa mamaci sutura a inda ya cika, a maƙabartar Musulmi, ba a ɗora wa iyali wahalar jigila ba. Abin da ya fi dacewa Malam ya duba shi ne rayuwar kafin mutuwar: masallacin da zai riƙa samun jam'i da ƙafarsa, da wanda zai ɗauke shi zuwa asibiti da tsakar dare, da zumuncin da zai yanke ba da niyya ba. Neman lafiya kuwa halal ne, kuma sauya wuri saboda ita ba laifi ba ne.

Mazaunin_Agege:
Ina goyon bayan Malamin_Zaure. An haife ni a Agege, iyayena 'yan Mashi ne, kuma a nan muka binne mahaifinmu, jama'ar da ta yi masa sallah ba ta kirguwa. Sai dai a sani, a yawancin maƙabartun Legas ana biyan kuɗin kabari, ba kamar gida ba, don haka mutanenmu suke da ƙungiyoyin taimakon juna a masallatai. Gyara ɗaya zan yi wa Baban_Ummi, yawan Hausawan da ke Agege ko Idi-Araba ko Alaba Rago ba shi ne a ƙananan garuruwan gaɓa ba. Inda mutanenmu suka fi yawa, a nan cunkoso da hayaƙin motoci da na janareta suka fi yawa, mai asma kuwa hayaƙi ba abokinsa ba ne. Inda iska take da kyau kuma, a nan zai fi jin kaɗaici. Sai ya auna wanda zai iya ɗauka.

Manomi_Daga_Baure:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma ina ganin kakanninmu sun riga sun warware wannan da abin da suka kira cin rani. A gama girbi a tafi, ruwa ya kusa sauka a dawo. Ciwon Malam na wata uku ne, me zai sa ya yi ƙaura ta wata goma sha biyu? Ya tafi a farkon Disamba, lokacin da Tsohon_Kwastan ya ce garin ya fi daɗi, ya dawo a ƙarshen Fabrairu kafin ruwan can ya kankama. Ya tafi da buhun geronsa da wakensa da kukarsa da daddawarsa. Gidansa yana nan, gonarsa tana nan, Hajiya in ta so ta bi shi, in ba ta so ba wata uku ba shekara ba ce.

Mai_Albasa:
Shawarar Manomi tana da kyau a baki, amma ni da nake bin hanyar nan ina da ja. Daga Katsina zuwa Legas a motar haya kwana ake yi a hanya, wani lokaci har a shiga yini na biyu, a zaune wuri ɗaya, ga ƙura ga sanyin dare, a daidai watan da ƙirjinsa ya fi rauni. Jirgin sama zuwa da dawowa kuwa zai cinye fanshon wata da watanni. Sannan wane mai gida ne zai ba da ɗaki na wata uku a inda aka saba karɓar na shekara? Sai dai in ta hannun mutanenmu, kamar yadda Baban_Ummi ya ce, a samu wanda zai ba shi aron ɗaki a yi masa ihsani.

Inna_Nas:
Tun da Malam ya tabbatar mini na gaggawa kaɗai yake riƙe da shi, ina ƙara jaddada maganata. Kafin a kashe kuɗin mota ko na haya, a gwada hunturu ɗaya a gida bisa tsari. Likita ya duba ko ya kamata a ɗora shi a kan maganin kariya na kullum tun kafin sanyi ya shigo. A gyara ɗaki ɗaya, a toshe kafofin taga da ƙarƙashin ƙofa, a cire darduma da labule masu riƙe ƙura, a daina shara da tsintsiya a koma goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, a daina kunna gawayi da turaren wuta a inda yake kwana, in zai fita ya sa takunkumi. Ban ce wannan zai maye gurbin iskar teku ba, amma kuɗinsa bai kai na tafiya ɗaya ba, kuma zai san ainihin inda ciwon ya tsaya.

Baban_Ummi_Zango:
Inna, Allah ya ƙara girma, ba na jayayya da ke a fanninki. Amma mutum ba zai ƙare sauran rayuwarsa a kulle cikin ɗaki ɗaya wata uku duk shekara ba, bayan ya ɗanɗana inda yake numfashi kamar kowa. Ni har yanzu ina kan bakana, ya tafi.

Malam_Ƙofar_Sauri:
Na zauna da maiɗakina jiya bayan isha, na ce ta faɗa mini gaskiya. Ta ce ƙaura gaba ɗaya ba ta so, saboda mahaifinta da ya tsufa da kuma yaran nan biyu, amma ba ta ƙi mu je mu gani tare ba. Batun sayar da gida na ajiye shi, Akanta, na ji. Zan ga likita a watan nan. Abin da nake tunani shi ne in ɗauki hutuna na ƙarshe a watan Yuli, mu je Badagri mu yi mako uku da kuɗin aljihuna, in rubuta duk abin da muka kashe, in ga yadda ƙirjina zai yi a tsakiyar ruwa. Har yanzu raina bai bar wurin ba, ba zan ɓoye muku ba. Tsohon_Kwastan, idan mun je duba ɗaki, me ya kamata in fi lura da shi?

Tsohon_Kwastan:
Ka je duba ɗakin washegarin ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, kuma da ƙafa, don ka ga yadda layin yake. Ka durƙusa ka dubi gindin bango daga ciki da waje, in ka ga fenti ya kumbura ko wani layi mai duhu ya zagaye ɗakin, nan ne inda ruwa yake kaiwa. Ka buɗe durowar bango ka sansana. Ka ɗebi ruwan rijiyar gidan ka ɗanɗana da bakinka, kada ka karɓi labari. Ka tambayi mai shago na kusa, ba dillali ba, awa nawa ake samun wuta a rana da kuma nawa ake sayar da jarkar ruwa. Sannan ka hau babur daga ƙofar gidan zuwa babban asibitin garin ka duba agogo, ka sake yin haka da dare. Akwai wani dattijo ɗan Jibiya da ke sayar da goro kusa da inda na zauna, zan bincika ko yana nan, in yana nan zan haɗa ku kafin Yuli.